Fuloti Ɗaya, Masu Shi Biyu: Rikicin Filin Wani Ɗan Tumatir a Legas

Asalin lamarin

Mutumin da wannan bayani ya shafa ɗan ƙasar Kura ne a jihar Kano, mai sana'ar tumatir a kasuwar Mile 12. Ba ya cikin manyan diloli masu sauke tirela. Da asuba yake karɓar kwando 15 zuwa 20 a hannun dillalai, ya sayar wa matan da ke zuwa sari daga Ketu da Oshodi kafin rana ta take. Da dako ya fara a Legas tun yana saurayi. A lokacin da abin ya taso yana da mata da 'ya'ya 4, suna haya a ɗaki ɗaya a Agiliti, bayan kasuwa. Zan kira shi Malam, don haka 'yan rumfarsu ke kiransa. Yana karanta ajami da Hausar boko, amma ba ya karanta Turanci, ni ne kuma na riƙa karanta masa takardun. Ya yarda a rubuta, da sharaɗin kada a ambaci sunansa ko na ƙauyen.

Agiliti a kwari take, kusa da kogin Ogun. A watan Oktoban 2010, da aka saki ruwa daga madatsar Oyan, unguwar ta nutse, iyalinsa suka yi makonni a rumfar wani ɗan'uwa. Sai kuma rikicin farkon Maris na 2016, wanda ya faro daga hatsaniyar ɗan acaɓa ya rikiɗe ya zama faɗan ƙabilanci. An rasa rayuka, an ƙone gidaje a Agiliti. Gwamna Akinwunmi Ambode ya rufe kasuwar na kimanin mako biyu, gwamnati ta kuma sanar cewa za a mayar da ita Imota, gaba da garin Ikorodu. Ɗakin Malam bai ƙone ba, amma mai gida ya ba duk Hausawan da ke gidan notis.

Afrilu zuwa Agusta 2016: ciniki

Maganar Imota ta cika kasuwa. Lissafin kowa shi ne, in kasuwa za ta tashi, wanda ya riga samun fili a can ya huta. Tun Nuwamban 2015 aka buɗe layin motocin BRT daga Mile 12 zuwa Ikorodu, don haka wurin bai ƙara zama ƙungurmin daji a idon mutane ba. Dillalan fili suka fara zagaya rumfuna.

Shekarar ba ta yi wa 'yan tumatir daɗi ba. Tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta cinye gonaki a Kano da Kaduna da Katsina, kaya suka yi ƙaranci, kwando ya yi tsadar da masu sari ba sa iya ɗauka. Malam ya ga jarin na narkewa a hannu, ya yanke shawarar ya binne shi a ƙasa. Ya haɗa kwasar adashi da kuɗin bijimi ɗaya da ya sa aka sayar a gida. Shi da abokan sana'a biyu suka bi wani dillali zuwa wani ƙauye a kan hanyar Ikorodu zuwa Imota, kowa ya sayi fuloti ɗaya, ƙafa 60 da 120. Nasa naira 600,000, da la'adar dillali 30,000.

Wanda ya sayar musu matashi ne da aka gabatar a matsayin ɗan gidan masu ƙasar. Da Yarbanci da buroka aka yi cinikin. Ya nuna iyaka da hannu, aka kafa sanduna huɗu. Rasit ɗin da ya bayar na ɗauke da sunan dangin a sama, da hatimi, da sa hannunsa da na wani da aka ce sakatare ne. Abin da aka rubuta a ciki "fuloti ɗaya" ne kawai, babu awo, babu maƙwabtan fili, babu taswira. Shaidun Malam su ne abokan tafiyarsa biyu. Babu ɗan ƙauyen ko ɗaya a cikinsu.

A nan ya kamata mai karatu ya san yadda ƙasa take a Legas. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wadda gwamnatin soja ta Janar Olusegun Obasanjo ta kafa, ta ɗora ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana, sashe na 22 kuma ya ce ba a mayar da haƙƙin fili ga wani sai da amincewarsa. Amma a gefen birni, dangogin Yarbawa da suka gaji ƙasar ne ke yanka ta su sayar. Ƙasar gado ta dangi ce gaba ɗaya, a ƙarƙashin shugaban dangi da suke kira olori ebi. Matasan waɗannan gidaje, da masu fakewa da sunansu, su ake kira omo-onile, wato 'ya'yan masu ƙasa. Bayan wannan kuma, gwamnatin jiha ta karɓe manyan yankuna tun shekarun 1970, sai ɓangaren da ta sakar wa ƙauye ta kuma buga a gazet, wato jaridar sanarwar gwamnati, ne dangi ke da ikon sayarwa. Malam bai san ko ɗaya daga cikin waɗannan ba ranar da ya ƙirga kuɗinsa.

2017: fandisho

A watan Fabrairu ya sauke tifa biyu ta yashi da bulo 400, ya kawo magini ya tona fandishon ɗaki biyu a gaban filin, ɓangaren da ke kallon hanya. Rana ta biyu matasa kusan goma suka zo a kan babura suka tsayar da aiki. Suka ce sai an biya kuɗin fandisho. Aka daidaita a 80,000. Wani dattijo ne ya zo ya karɓa, kuma da Malam ya nace, ya rubuta masa shaida a ƙaramar takarda ya sa hannu. Malam ya ninke ta ya haɗa da rasit a cikin leda.

Da gini ya kai linta suka dawo, wannan karon wasu fuskoki daban, suka karɓi 40,000 ba tare da takarda ba. Kuɗi suka ƙare. Gini ya tsaya babu rufi, iyali kuma suna wani ɗakin haya a Owode Onirin. Wata biyu ko uku sai ya je ya duba, ya sa a share ciyawa.

Tun watan Agustan 2016, watan da ya yi cinikin, aka sa hannu a dokar kare kadarori ta jihar Legas, wadda aka yi musamman saboda omo-onile. Ta tanadi ɗaurin shekara 10 ga mai ƙwace fili da ƙarfi, ta kuma haramta karɓar kuɗi a wurin gini, da hukuncin tarar da ta kai naira miliyan 1 ko ɗaurin shekara 2. Ta bar ƙofa ɗaya a buɗe: dangi, da izinin shugabansu, suna iya karɓar kuɗin fandisho na al'ada daga mai saye. Labarin dokar bai iso rumfar tumatir ba a lokacin.

Agusta zuwa Disamba 2018: mai fili na biyu

Ya dawo daga babbar sallah a ƙarshen Agusta, ya tarar an tumɓuke sandunansa na baya, an fara katanga, an kuma rubuta gargaɗi da jan fenti a jikin gininsa. Wata mata ce, malamar makaranta da ta yi ritaya, ta sayi fulotin gaba ɗaya a farkon shekarar kan naira miliyan 1.5. Ta zuba kuɗin sallamarta daga aiki a ciki. A hannunta akwai takardar yarjejeniya mai sa hannun shugaban dangi da dattawa uku, da taswirar safiyo. An gaya mata ginin da ke wurin na wani ne da ya kasa cika kuɗi ya gudu.

Cikin wata huɗu Malam ya gwada hanya huɗu.

Ya fara neman matashin da ya sayar masa. Sau biyu ya ɗauki waya ya ce a kwantar da hankali, daga nan lambar ta daina shiga. Dillali ya ce shi haɗa ciniki ya yi, ba shi da sauran magana.

Ya kai ƙara wani caji ofis. Aka rubuta bayani, aka kira matar, ta zo da takardunta. Aka duba rasit ɗinsa aka duba nata, aka ce wannan rikicin fili ne, su tafi kotu. Zirga-zirgar ta cinye masa kwana 6 na kasuwa, ban da abin da ya kashe.

Sai wasu suka ba shi shawarar da ta fi kowace cutar da shi. Suka ce a Legas mai rufi shi ne mai gida, ya ba yaran unguwa kuɗi su tsare masa wuri ya rufa ginin da dare. Ya ba su 50,000, ya sayo kwano bandir biyu da katako. Aka rufa ɗaki ɗaya cikin dare biyu. Bayan mako ɗaya wata ƙungiyar matasan, waɗanda ba a ba komai ba, ta yaye kwanon ta tafi da shi. Maginin ya samu rauni a hannu wajen tsira. Malam ya biya kuɗin magani, magini kuma bai sake yarda ya taka wurin ba.

Ta huɗu ita ce ta hanyar manya. Shugabannin sashen tumatir suka haɗa shi da Sarkin Hausawan yankin, shi kuma ya aika wakilai biyu suka raka shi wurin Baale, mai garin ƙauyen. An karɓe su da mutunci. Baale ya ce shi ba ya raba gadon wani gida, amma ya aika aka kira shugaban dangin. Ranar ce Malam ya fara ganin mutumin da ya kamata ya sa hannu a takardarsa tun shekara biyu baya. Tsohon ya ce bai san da cinikin ba, kobo bai shigo hannunsa ba. Aka tashi ba a cimma komai ba.

Janairu zuwa Yuni 2019: lauya da safiyo

Wani ɗan rumfarsu ya kai shi wurin wata lauya a Ikorodu. Ta karanta rasit ɗin, ta faɗa masa gaskiya ba tare da kwana-kwana ba. Tun shari'ar Ekpendu da Erika ta 1959 ƙa'idar a tsaye take: in shugaban dangi ya sayar da ƙasar dangi ba tare da yardar manyan gida ba, cinikin na nan har sai an nemi kotu ta rushe shi, amma in wani ɗan gida ya sayar ba tare da shugaba ba, babu ciniki tun asali. Takardar malamar ta fi tasa ƙarfi nesa ba kusa ba. In ya shigar da ƙara a babbar kotu, zai yi shekaru yana biyan kuɗi, kuma da wuya ya yi nasara.

Na tuna yadda ya yi shiru a ofishin. Da muka fito ya ce mini, "Ɗan'uwa, ashe iska na saya."

Lauyar ba ta tsaya nan ba. Ta zazzage ledar gaba ɗaya, ta ɗauki ƙaramar takardar kuɗin fandisho ta 2017, ta ajiye ta kusa da kwafin yarjejeniyar malamar. Dattijon da ya karɓi 80,000 yana cikin dattawa ukun da suka sa wa malamar hannu a 2018. Wato aƙalla ɗaya daga cikin manyan gidan ya san Malam yana kan filin, ya karɓi kuɗinsa a matsayin mai saye, sannan ya sa hannu aka sayar wa wata. Bincike ya kuma nuna matashin da ya yi cinikin farko ɗan wannan dattijon ne na cikinsa.

Ta ce kafin a kashe ko sisi a kan rigima, a tabbatar filin ya cancanci a yi rigima a kansa. Aka ɗauko safiyo mai rajista ya auna, ya kafa turakun siminti masu lamba, ya kai ma'aunin ofishin Babban Safiyon jiha don a ɗora shi a kan taswirar gwamnati. Aikin ya ci 180,000, su uku suka raba tunda filayensu duka aka auna. Sakamako ya fito bayan mako 7. Filin Malam da na abokinsa ɗaya suna cikin ɓangaren da aka sakar wa ƙauyen. Na ukun, wanda ke can gaba kaɗan, ya faɗa cikin yankin da gwamnati ta riga ta ware wa wani aiki nata. Babu wanda ya yi masa gardama a kan filinsa, amma ba shi da fili. Ya riga ya kai gini linta. Daga baya ya kwashe bulon da zai iya ya sayar, ya koma gida.

Abu na ƙarshe da lauyar ta sa aka yi shi ne neman sauran waɗanda matashin ya sayar wa. Malam ya yi Lahadi huɗu yana bin gine-ginen da aka yi watsi da su yana tambayar masu gadi da magina. Aka samu mutum 9: Hausawa huɗu, Yarbawa uku, Ibo biyu, duk da irin rasit ɗaya.

Yuli 2019 zuwa Afrilu 2021: sulhu

Su taran suka sa hannu a takardar koke guda zuwa ga kwamitin da ma'aikatar shari'a ta jiha ta kafa a 2016 don yaƙi da masu ƙwacen fili, suka haɗa kwafin rasitai da taswira. Da takardar gayyata ta isa gidan dangin, shugabansu da kansa ya aiko a zauna. Ɗan gida na fuskantar tuhuma, sunan dattijo ɗaya kuma yana kan takardu biyu masu karo da juna.

Lauyar ta ƙi yarda a yi zaman a ƙauye. Aka kai maganar Citizens' Mediation Centre, cibiyar sulhu ta gwamnatin jiha da ke aiki kyauta tun 1999. Zama biyu na farko sun watse, don malamar ta ce ba za ta bar taku ɗaya ba, kuma tana da hujjarta. Aka sa rana ta uku, sai kullen korona na 30 ga Maris 2020 ya rufe komai. Kusan wata 8 ba a sake haɗuwa ba. A Fabrairun 2021, bayan rikicin kasuwar Shasha a Ibadan da dakatar da kai kayan abinci kudu da ya biyo baya, 'yan'uwa a gida suka matsa masa ya karɓi duk abin da aka ba shi ya dawo. Matarsa ce ta ce a ƙara haƙuri, yara suna makaranta a nan.

Abin da ya sauya malamar bai fito daga bakin lauya ba. Malam ya roƙi a bar shi ya yi mata magana, ya ce, "Mama, ni da ke duk kuɗin guminmu aka ci. In muka tafi kotu, su za su zauna a gida mu muna hawa mota." Ta nemi ganin takardar fandisho da idonta. Da ta ga sa hannun, ta juya kan dattijon.

A Afrilun 2021 aka rattaba hannu. Malam ya riƙe rabin gaba inda gininsa yake, ya bar ƙafa 8 a gefe a matsayin hanyar shiga baya, ya rage masa ƙafa 52 da 60. Malamar ta ɗauki rabin baya, dangi suka ƙara mata rabin fulotin da ke manne da shi. Malam ya biya dangi 250,000 kuɗin tabbatar da ciniki, kashi uku cikin wata 6. Aka rubuta masa sabuwar yarjejeniya mai taswira, da sa hannun shugaban dangi da dattawa, da sharaɗin ba za a sake neman kuɗin linta ko na rufi ba. Masu koken suka janye. Shida daga cikin taran sun samu makamancin wannan, biyu sun karɓi rabin kuɗinsu, ɗaya ya rasu kafin a kammala, magada kuma ba su bi ba.

Abin da ya yi aiki, da dalili

A ganina rasit ɗin 600,000 bai tsinana masa komai ba sai shaidar cewa an karɓi kuɗi. Takardar 80,000, wadda ya nace a rubuta don kawai ɗabi'ar ɗan kasuwa ta ajiye lissafi, ita ce ta ɗaure dangin. Ginin da ke tsaye ya taimaka, domin ba wanda zai ce bai ga mutum a wurin ba. Koken mutum 9 daga ƙabilu uku ya hana a mayar da maganar ta Bahaushe da Bayarabe, kuma a shekarun nan wannan ba ƙaramin abu ba ne. Dokar 2016 ta yi tasiri ba tare da an gurfanar da kowa ba, tsoronta ne ya kawo dangi kan tebur. Ziyarar Baale, da muka ɗauka ta tashi a banza, ita ta nuna masa wanda ke da ikon sa hannu.

Kuɗin da ya ba matasa su tsare wuri shi ne kuskurensa mafi muni, ya kusa jawo asarar rai. Awon safiyo kuwa, da an yi shi a 2016 kafin a biya, da abokinsu na uku bai rasa jarinsa ba. Amma ba zan ɗora musu laifin duka ba. Gwamnati ta sanar da tashin kasuwar da dubban mutane ke ci daga gare ta, farashin ƙasa ya ninka fiye da sau biyu cikin shekara biyu a idon kowa, kuma babu wanda ya zo rumfuna ya yi wa mutane bayani da harshen da suke ji a kan inda aka saki da inda ba a saki ba. Dillalai ne kaɗai suka zo. Mai kuɗi yana da lauya kafin ya saya, talaka sai bayan an cuce shi yake sanin hanyar ofishinta. Kuma abin da muke kira nasara a nan shi ne mutum ya biya sau biyu ya samu ƙasa da rabin abin da ya saya.

Halin da ake ciki

Ya rufa ɗakunan biyu a 2022, ya haƙa rijiya, iyali suka tare. Amincewar gwamna da sashe na 22 ya buƙata bai nema ba tukuna. A 2015 an rage kuɗinta zuwa kashi 3 cikin 100 na darajar fili, amma akwai shaidar biyan haraji da kuɗin lauya da zirga-zirgar Alausa, inda ofisoshin gwamnatin jiha suke, kuma kullum akwai kuɗin makaranta a gabansu. Ma'ana har yanzu sunansa bai shiga rajistar filaye ta jiha ba.

An buɗe babban kamfanin sarrafa shinkafa a Imota a Janairun 2023, amma kasuwar Mile 12 tana nan inda take. Tun da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen Mayun 2023, kuɗin mota zuwa da dawowa ya fi ƙarfin ribar kwandunansa. Yanzu kwana huɗu a mako a rumfa yake kwana, ya koma gida ranar Alhamis da dare. Takardun suna cikin akwatin ƙarfe a wurin matarsa, kwafi ɗaya yana wurin lauya, ɗaya kuma ya aika Kura.